Hannun Sista

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin ɗibar jini na babban asibiti, kuma kowa Sista yake ce mata, daga likitoci har masu shara. Ɗakin ba wani girma gare shi ba: kujera ɗaya mai hannu inda marar lafiya ke miƙe damtsensa, tebur mai tayoyi, tiren kwalabe masu murafe ja da shuɗi, auduga, sifirit, da robar nan da ake ɗaure hannu da ita. Benci biyu ne a ƙofa, amma kafin ƙarfe takwas sun cika, sauran mutane a tsaye.

Abin da aka san ta da shi shi ne jijiya ba ta ɓoye mata. Ba da ido take nema ba, da yatsa. Sai ta ɗaure damtse, ta kau da kai gefe kamar mai sauraron magana a ɗaki na gaba, ta ja mutum da hira, ina yara, yaya hanya, kafin ya gama ba ta amsa kwalba ta cika. Daga ɗakin jarirai ake aiko mata in an nemi jijiya an rasa. Tsofaffi kuwa sukan bar layinsu ya wuce da gangan don su faɗa hannunta. Abokiyar aikinta a ɗakin, wadda aka kawo mata shekara goma da suka wuce tana gama makaranta, har yanzu Sabuwa ake ce mata, ko da yake 'ya'ya uku ta haifa tana aiki a wurin.

Mijin Sista mai gyaran firiji ne. Injiniya ake ce masa a layinsu, shi kuma bai taɓa cewa a'a ba. 'Ya'yansu biyu: babban yana aiki a wata ƙasa, sai Auta da ta yi aure a can ɗaya gefen gari.

Injiniya ne ya fara gani. Wata rana da yamma suna zaune gaban talabijin, hannunta na dama a kan cinya, ya dube ta ya ce, "Sista, tasbihi kike yi ba carbi?"

Ta duba. Babban yatsanta ne yake murza manuni, a hankali, ba tsayawa, kuma ba ita ta sa shi ba. Ta danne shi da ɗayan hannun.

"Gajiya ce," in ji ta. "Mutum tamanin na ɗiba yau."

"To a gaishe da gajiya," ya ce, ya mayar da idonsa kan labarai. Amma ta lura bai ƙara yin dariya ba har aka gama.

Abin da ya ba ta damar yi wa kanta ƙarya shi ne, da zarar ta miƙa hannun za ta ɗauki abu sai rawar ta tsaya cak. Sai in hannun yana zaune ba aiki rawar take dawowa. Ta ce tunda bai taɓa aikinta ba, babu ruwan kowa. Ta koma sa hannun a aljihun farar rigarta in tana jiran na gaba ya shigo. Sai dai wasu abubuwan ba sa shiga aljihu. Ta daina jin warin sifirit. Shinkafa ta ƙone tana tsaye a gaban tukunya, sai da Injiniya ya taso daga tsakar gida yana tambaya ko gobara ce. Daga ɗakin gwaji aka dawo da kwalabe huɗu, aka ce ba a iya karanta sunayen da ke jiki, rubutun ya ƙanƙance kamar sawun tururuwa. Mutumiyar asibiti ce, ta ɗibi jinin masu irin wannan rawar ba sau ɗaya ba, ta san sunanta. Ba ta dai yarda ta faɗe shi ba, ko a zuci.

Wata Laraba aka kawo wata malamar makaranta, siririya, jijiyoyinta kamar zare, mijinta na tsaye a kanta. Sista ta ɗaure, ta taɓa, ta samu nan take. Yatsanta bai yi mata ƙarya ba. Amma da ta kawo allura kusa da fata sai tsinin ya soma kaɗawa. Ta riƙe numfashi ta soka, ta wuce. Ta ba da haƙuri ta sake, ta fasa jijiyar, wurin ya kumbura ya yi shuɗi. A ta uku matar ta runtse ido, hawaye ya zubo mata.

Mijin bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Baiwar Allah, in ba ki da lafiya ki faɗa. A kira mana wadda ta iya."

Sabuwa ta taso daga teburinta, ta karɓi robar, ta koma ɗayan hannun ta ɗiba. Ba ta kalli Sista ba. Sai da layi ya ƙare, ƙarfe ɗaya saura, ta tura ƙofa ta jingina da ita.

"Sista, wata shida ke nan ina gani. Jira nake ki fara faɗa."

"Me kike gani?"

"Abin da kike ɓoyewa a aljihu."

Sista ta fito da hannun ta aza a kan tebur. Suka tsaya su biyu suna kallonsa yana ta abinsa, kamar na wani ne aka manta a wurin.

Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a hawa na biyu yake. Ta san shi tun yana ɗalibi, yana tsoron allura. Ya sa ta ta yi tafiya a baranda ta dawo, yana kallon hannun daman da ba ya lilo kamar na hagu. Ya sa ta ta haɗa yatsu ta raba da sauri, ya lanƙwasa mata gwiwar hannu ya miƙe, ya ba ta biro ta rubuta layi ɗaya. Haruffan suka faro da girmansu, suka ƙare kamar ɗigo.

"Sista, kin san abin da zan ce."

"Na sani. Amma ka faɗa."

"Cutar Parkinson ce."

Ya juya wajen Injiniya, wanda ya rako ta, ya yi masa bayani: akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke yi don motsin jiki ya tafi daidai, shi ne yake raguwa. Ba ta warkewa, amma ba ta gaggawa, kuma akwai maganin da yake cike gurbin na wani lokaci.

Injiniya ya jinjina kai. "Kamar gas ne ya zube ke nan. A ƙara mata."

"Kusan haka," in ji likita. "Sai dai nan ba a iya liƙe inda yake yoyo."

Suka kama hanyar gida. Da suka iso Injiniya ya cire mata takalmi, abin da bai taɓa yi ba, ta ce masa ai ba gurguwa ta zama ba tukuna. Ya ce ya sani, gwaji yake yi.

Maganin ya karɓe ta da farko. Shekara biyu ta ƙara a asibiti, amma ba ta sake riƙe allura ba. Ita da kanta ta je ta ce a mayar da ita teburin karɓar takardu a bakin ƙofa. Tsofaffin da suka san ta suna zuwa su ce, "Yau ba ke za ki ɗebe mu ba?" sai ta ce an yi mata ƙarin girma. Da muryarta ta soma shigewa ciki har mutane ke cewa "Na'am?" sau biyu kafin su ji lambarsu, sai ta ajiye aikin. Aka yi mata ɗan taro a ɗakin hutu, aka yanka kek, aka ba ta fulas da hoton ma'aikata a cikin gilashi. Sabuwa ce ta gaje ta.

Daga nan duniyarta ta koma ɗaki biyu da falo, da kicin, da ɗan tsakar gida inda Injiniya ke tara tsofaffin firiji. Ranarta ta rabu gida huɗu, bisa lokutan magani: shida, goma, biyu, shida. Kamar rabin awa bayan ta sha, sai jiki ya saki, ta tashi ta yi wanka, ta share falo, har ta yi masa faɗa kan ya bar sukundireba a kan kujera. Kafin na gaba ya zo kuwa, sai ta ji kamar an zuba mata siminti a gaɓoɓi. Maɓallin riga ɗaya sai ya ci mata minti biyar. Cokali ya taso da miya ya iso baki babu komai. Mafi muni shi ne ƙofa: tana cikin tafiya, da ta zo bakin ƙofa sai ƙafafu su liƙe a ƙasa, jiki ya yi gaba, su kuma su ƙi.

Injiniya ya bar shagonsa na bakin titi ya dawo da aikin gida. Ya sa wa wayarsa ƙararrawa huɗu. Ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, ya kwashe duk wata darduma da ke iya harɗe ƙafa, ya kai rigunanta wajen tela aka cire maɓallai aka sa zif mai babban kai. Da likita ya ce layi a ƙasa yana taimaka wa masu liƙewa, sai ya ɗauko baƙin salatif ɗinsa na wuta ya bi gidan yana mannawa, taku taku, daga gado zuwa banɗaki, daga kujera zuwa kicin. In ta liƙe ba ya jan ta. Sai ya tsaya gabanta ya ce, "Sojoji, a shirya. Hagu, dama. Hagu, dama." Ita kuma ta tsallake layi na farko, sauran su biyo.

"Kai dai da ka samu aikin yi," takan ce.

"Shekara talatin kina ba ni umarni, ki bar ni in ɗana."

Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa, wannan ya ce ganyen kaza, wancan ya ce akwai wani mutum a gari kaza. Injiniya yakan saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya raka su ƙofa. A hankali suka ragu. Ba don mugunta ba. Hira da ita ce ta zama aiki, don sai an jira kafin amsa ta fito, in ta fito kuma sai an matso. Ga fuskarta da ta daina nuna komai. Naman fuskar ya sandare kamar sauran jikin, ko ƙiftawa ba ta cika yi ba, sai mutum ya ba ta labarin dariya ya ga tana kallonsa kamar ya zo karɓar haraji.

Ranar da Auta ta zo da albishir cewa tana da ciki, bayan shekara biyar ana jira, ta durƙusa gaban uwarta ta faɗa mata tana dariya tana hawaye. Sista ta ji kamar ƙirjinta zai tsage don murna. Ta aika wa fuskarta saƙo, fuskar ba ta amsa ba. Kafin bakinta ya haɗa kalma, dariyar Auta ta riga ta dushe.

"Mama, ba ki ji ni ba ne?"

"Ta ji," in ji Injiniya daga bakin ƙofa. "Dubi hannun. In ya yi irin wannan gudun, to murna ce. In haushi ne, ƙafa ce ke yi. Ki tambaye ni, ni nake karanta mitar."

Auta ta yi dariya, ta kama hannun ta riƙe. Amma Sista ta ga 'yar tata ta koma gida ba da murnar da ta zo da ita ba.

Shekara bakwai suka yi a haka. Ita ce marar lafiyar gidan, kowa ya sani, har ita. In Injiniya ya tsaya a tsakar gida ya dafa firiji yana murza ƙirji, ta tambaya, sai ya ce ƙwannafi ne, shayi ya yi ƙarfi. Ita da ta yi rabin rayuwarta a asibiti sai ta yarda, don hankalinta duk yana kan ƙafafunta.

Ranar wata Asabar ce, biyu saura kusan ashirin, lokacin da maganin goma ya gama fita daga jikinta. Tana kujerarta a falo. Ya shiga kicin zai ɗebo mata ruwan magani, yana 'yar waƙarsa. Ta ji waƙar ta yanke. Ta ji kofi ya faɗi, sannan wani abu mai nauyi. Daga inda take tana hango ƙafafunsa ta ƙofar kicin, takalmi ɗaya ya fita.

Ta kira shi. Muryar ko bakin falo ba ta kai ba.

Ta dafa hannun kujera ta yunƙura, ta koma. Ta yi gaba ta yi baya kamar yadda ya koya mata, ta sake, ta sake. A ta biyar ta miƙe. Ga layukan salatif a gabanta, shida ne tsakaninta da kicin, ta san adadinsu. Ƙafafun suka ƙi. Ta ce musu hagu, dama, a cikin ranta, ta faɗa da baki, ta roƙe su. Tsoro yana ƙara ɗaure mai wannan cuta, ta sani, kuma sanin bai amfane ta da komai ba. Tana tsaye tana karkarwa, gumi na zuba, tana kallon ƙafarsa ta motsa sau ɗaya ta daina.

Daga ƙarshe sai ta saki jikinta ta zube a gwiwa. Haɓarta ta bugi ƙasa. Ta ja jiki da hannu da gwiwa, kaɗan kaɗan. Tana tsakiyar hanya ƙararrawar ƙarfe biyu ta tashi a aljihunsa, ta yi ta yi har ta gaji ta tsaya.

Da ta isa yana numfashi, sama sama, jikinsa sanyi da gumi. Ta aza yatsa a wuyansa, bugun yana nan amma kamar daga nesa. Wayarta tana ɗaki a caji. Ta zaro tasa da ƙyar, yatsunta suna dukan gilashin ko'ina ban da inda take so. Lambar Auta ta ƙi samuwa. Abin da ya shiga shi ne lambar ƙarshe da ya kira, wani mai shagon kifi da firizarsa ta lalace.

"Injiniya, ya ake ciki? Kifina fa zai narke."

"Matarsa ce," ta ce. "Ya faɗi."

"Wa ke magana? Ba na ji."

Sau uku ta maimaita, tana tattaro duk iskar da ke ƙirjinta. Sannan mutumin ya ce, "Na san gidan. Ga ni nan." Bai san ta ba, bai taɓa ganinta ba. Ya zo da motar kifinsa da maƙwabta biyu, suka ɗauki Injiniya, shi kuma ya dawo ya ɗauke ta cak kamar yarinya ya sa ta a gaban motar. Wani daga cikin maƙwabtan ne ya ga kwalbar magani a kan tebur ya tambaye ta, ya ba ta na ƙarfe biyun, ta haɗiye ba ruwa.

A ɗakin gaggawa na asibitinta aka ce zuciya ce. Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, jijiyoyi duk sun kwanta, kuma dole a sa masa ruwa da magani nan take. Nas biyu suka gwada, huda biyar, babu. Aka aika a kira Sabuwa. Ta zo da gudu, ta ga wanda ke kwance, ta ga wadda ke zaune a keken marasa lafiya a gefen gado da jini a haɓa. Ta ɗaure, ta taɓa, ta soka. Babu. Ta koma bayan hannu. Babu.

"Matso da ni," in ji Sista.

Ba wanda ya ji sai Sabuwa, don ita ta saba. Ta jawo keken. Maganin bai gama kama Sista ba, hannun yana ta kaɗawa, sai Sabuwa ta kama mata wuyan hannu da hannu biyu ta danne, ta aza yatsan a kan damtsensa. Sista ta kau da kai gefe. Ta bi fatar a hankali, ta wuce inda aka huda, ta gangara ta gefen ciki, ta tsaya.

"Nan. Tana da zurfi. Kwantar da allurar, kada ki tsaye ta. Ta karkata wajen jiki."

Sabuwa ta sa. Jini ya leƙo a bayan allura, baƙi, a hankali. Aka haɗa ruwa. Kowa ya koma kan aikinsa, aka tura gadon ciki.

Kwana tara ya yi. A rana ta biyu ya buɗe ido, ya dube ta, ya dubi filastar da ke haɓarta, ya ce, "Kin sha na ƙarfe biyun?"

Likitoci suka ce zuciyar ta daɗe tana ciwo, kuma ta lalace da yawa. Da alama shi ma ya san inda aka dosa, don a rana ta biyar ya sa Auta ta nemo takarda da biro. Ta zauna a bakin gado, ɗanta a cinya, yana faɗa tana rubutawa, yana hutawa tsakanin magana.

"Kada ki ja ta in ta tsaya. Ki tsaya gabanta ki ƙirga. Kada ki ba ta nama ko madara kusa da magani, ki bar awa ɗaya. Ruwan wanka kada ya yi zafi, jiri yake sa ta. In tana magana kada ki ƙarasa mata, ta tsani wannan. Kada ki yi mata abin da take iyawa, ko zai kai azahar."

"Baba, ai kai za ka ci gaba da yi."

"Rubuta dai. Kuma in kin ga ta yi shiru tana kallon bango, ba fushi take ba. Ki zauna kawai."

Sista tana jin su. Ta so ta ce masa ya isa, ta so ta tambaye shi me ya sa ya ce mata ƙwannafi. Kafin ta haɗa maganar barci ya ɗauke shi. Da safiyar rana ta tara, bayan an kawo shayi, tana riƙe da hannunsa, hannunta yana girgiza nasa, ya cika. Ita ta fara sani, kafin na'ura ta yi ƙara.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Tana zaune a kujerarta, fuskar nan kamar kullum. Wasu suka ce Sista akwai tawakkali. Wasu, a tsakar gida, suna zaton ba ta ji, suka ce mutumin da ya yi mata wannan hidimar ko ɗigon hawaye. Kunnenta kuwa lafiyarsa lau. Babban ɗanta ya zo ya yi mako guda, yana yi mata magana da ƙarfi a hankali kamar kurma, sannan hutunsa ya ƙare ya koma. Aka yanke cewa za ta koma wajen Auta.

Ranar da ake haɗa kaya, Auta ta buɗe akwatin kayan aikin ubanta, ta tarar da fakitin maganin ƙwannafi ya fi ashirin, duk babu komai a ciki. Ta kawo su falo ta zube a kan tebur. Idonta ya yi ja.

"Mama, ke nas ce. Kina gidan nan. Ba ki gani ba?"

Sista ta buɗe baki. Auta ta jira daƙiƙa biyu, ba ta iya ba.

"Ki ce wani abu mana. Ko kuka ki yi. Na san ciwo ne, Baba ya faɗa min, na sani, amma wallahi in na dube ki sai in ga kamar ni kaɗai aka yi wa mutuwa."

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarta. Ta jira. Maganar ta daɗe kafin ta fito, kuma sai da ta kawo kunne.

"Minti ashirin da biyar," in ji Sista. "Daga nan zuwa can. Ina kallon ƙafarsa."

Auta ta dubi kicin, ta dubi tazarar. Ba wanda ya taɓa faɗa mata, ta zaci ana faɗuwa aka kira mai kifi. Ta kifa kanta a cinyar uwarta ta yi kukan da ya ishe su su biyu. Hannun yana ta bugun bayanta, ba ta san ko lallashi ne ko rawar ce ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ɗakin da aka ba ta a gidan Auta ƙarami ne, da taga mai kallon titi. Surukinta mutumin kirki ne, yana gaishe ta safe da yamma daga bakin ƙofa. Auta tana ƙoƙari, amma ga aiki ga yaro, wani lokaci maganin goma sai sha ɗaya, wani lokaci ta manta ta ja ta a ƙofa su kusa faɗuwa tare. Cutar ta ci gaba da tafiyarta. Yanzu ko ruwa sai ta yi hankali, don yana sarƙe ta. Awa ɗaya take samu mai kyau da safe, a ciki take wanke kofinta da kanta ta gyara gadonta.

Wata huɗu bayan rasuwar Sabuwa ta zo dubiya a lokacin hutun rana, da farar rigarta. Ta ba ta labarin asibiti, an sake fenti, an kawo sababbin yara biyu da ba su san hagu da dama ba. Sista ta saurara. Da labarin ya ƙare ta ɗaga yatsa alamar tana da magana, Sabuwa ta matso da kujera.

"Da na isa da wuri," ta ce, "da ya tashi?"

Sabuwa ta kama hannunta. "A'a, Sista. Na tambayi likitan zuciya da kaina. Ya ce ko a ƙofar asibiti ya faɗi, abin da zai faru ke nan. Ba abin da za ki iya yi."

Sista ta daɗe tana kallonta.

"Ni na koya miki wannan maganar," ta ce. "Har da riƙe hannun."

Sabuwa ta sunkuyar da kai. Ba ta ce gaskiya ne ba, ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta kuma saki hannun ba. Suka zauna haka, motoci na wucewa a ƙasa, har aka kira ta a waya aka ce layi ya taru. Ta tashi, ta gyara wa Sista matashi a baya, ta ce za ta dawo ranar Juma'a in an tashi da wuri. Sista ta bi ta da ido ta taga har ta tsallaka titi ta shiga mota.